Ina Ka Kwana Jiya?

Kafin in cika shekara ashirin, sau uku masu takarda da biro suna tare ni da tambayoyi a cikin garin Katsina, kuma duk ukun ƙarya na shirga musu. Na farko na ce masa ni almajiri ne, har na ba shi sunan wani malami da ban taɓa zama gabansa ba. Ta biyu na ce mata iyayena duka sun rasu, alhali Inna tana raye, har yau ma tana nan. Na uku kuwa na zabge wa kaina shekara huɗu, da yake ni ɗan tsurut ne, don na ji raɗe-raɗin ƙananan yara za a raba wa barguna. Ba a raba ba. Allah Ya yafe mini. Amma amsoshin nan suna can kwance cikin wani rahoto a wani ofis, wataƙila ma an yi lissafi da su.

An haife ni a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Batsari, ba nisa da dajin Rugu. Baba manomi ne, yana da shanun huɗa biyu da 'yan awaki, gero ba ya yanke mana sai shekara ta yi muni ƙwarai. Na gama firamare, na shiga ƙaramar sakandare ina zuwa da keke. Lokacin ban ɗauki bokon a bakin komai ba.

A daminar 2019 aka shigo mana cikin dare. Ba na son in daɗe a nan. Aka kora shanu, aka harbi Baba a bakin turke, bai kai asuba ba. Muka yi makonni a wata makarantar firamare cikin Batsari tare da sauran waɗanda suka gudo, daga baya ƙanin Baba ya ɗauke mu, ni da Inna da ƙannena mata biyu. Gidansa ɗaki uku ne, kuma dama a cike yake. Ba wanda ya ce in tafi. Sai dai in ana bin lomarka da ido, ba sai an kira sunanka ba. Na ce wa Inna zan je Katsina neman kuɗi, in dawo da kaka. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni naira dubu biyu, ta ce, "Ka riƙe salla." Ba ta ƙara komai ba.

Daren farko a tasha na kwana, a zaune, da ledar kayana a cinya. Na ɗauka a masallaci zan riƙa kwana, ashe da an sallame isha'i ladan yake kashe fitila ya danna kwaɗo, kuma ban ga laifinsa ba, an sha ɗauke musu agogo da batir. Na fara dako a babbar kasuwa. Da ƙarfi ya gaza na koma jari-bola, ina yawo da buhu da maganaɗisu ina tsintar ƙarfe da gwangwani, a ɗora a sikeli a biya ni. Kaka ta zo ta wuce ban koma ba, don kunyar in shiga wurin Inna hannu rabbana. Wata kakar ma haka.

Wanda bai taɓa kwana waje ba yana zaton yunwa ce babbar wahala. Yunwa da sauƙi, mutanen Katsina ba sa hana sauran tuwo. Barci ne babu. Takalminka shi ne matashinka, in ba haka ba ka wayi gari ƙafa ƙasa. Kuɗi ba a kwana da su a jiki. Akwai wani mai shayi wajen Ƙofar Ƙaura da muke ba ajiya, yana da wani littafi da duk ya sha maiƙo, a ciki yake rubuta sunan kowa da abin da ya kawo. Ƙarfe biyun dare a watan Janairu, lokacin da hunturu ke ratsa ƙashi, nan ne za ka gane abin da ke sa yaro shaƙar sholisho. Ni ma na shaƙa, kusan shekara guda, don dai dare ya gajarce mini.

Kullum da safe sai an ce da kai "ina kwana", ka ce "lafiya lau". Shekara uku ina amsa gaisuwar nan, ba wanda ya taɓa nufin ya san inda na kwanan.

Ƙaryar da na ambata tana da dalili. A garin nan duk yaron da aka gani da dauɗa da roba a hannu, almajiri ne. Sunan yana da inuwa: almajiri yana da malam, yana da allo, ana ba shi sadaka don Allah. Wanda kuwa ba almajiri ba yake kwana a waje, sunansa ɓarawo ko ɗan shaye-shaye. To wa zai zaɓi na biyun? Sai a 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka ce a mayar da almajirai jihohinsu, ana loda yara a motoci, magana ta juye. Mu da muka ari sunan muka jefar da robobi muka shige kangaye, don in an ce za a mayar da ni gida, wane gidan? Tun daga nan, in baƙo ya yi mini tambaya, kafin in buɗe baki sai na auna abin da amsar za ta jawo, tuwo ko sanda.

Ƙarshen 2022 ne, bayan la'asar, wata mata ta zo rumfar mai shayi tare da wani saurayi mai ɗauke da jaka. Malama ce a wata babbar makaranta, kuma tana aiki da wata ƙungiya. Na riga na fara shirya ƙarya ta huɗu sai na ji mai shayi yana cewa, "Hajiya, ga wanga. Shi ke duba mani littafi in ido ya gaza."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ba tambayarka na zo yi ba. Ma'aikata nake nema."

"Malama, aikin mi?"

"Ina so in san yaran da ke kwana waje a garin nan, da yadda suke rayuwa. Na gwada da ɗalibaina, abin da suka kawo mini bai shiga kaina ba. Da ɗan gari akan ci gari."

Ban yarda da ita ba. Na je ne don ta ce akwai kuɗin yini da abincin rana.

Mu shida ta tara a wani aji, maza huɗu, mata biyu. Ranar farko ta ɗauko takardar tambayoyin da ɗalibanta suka yi yawo da ita ta ce in karanta da ƙarfi. Tambaya ta uku ita ce adireshin gida. Ta biyar, sunan malaminka. Can ƙasa kuma, kana shan ƙwaya, e ko a'a. Wani cikinmu ya fashe da dariya har yana bugun benci, sauran muka kama. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta miƙo mini alli ta ce, "To ku gyara."

Kwana huɗu muna gyarawa, muna gardama kamar za mu doku. Muka soke adireshi muka sa: ina ka kwana jiya? Shekaranjiya fa? Da damina ina kake komawa? Domin mun san ba mai wuri ɗaya, barandar da ta yi maka rana da zafi ba za ta tare maka ruwa ba. Muka sa: wa ke riƙe maka kuɗi? In zazzaɓi ya kama ka, wa kake faɗa wa? Ina kake wanka da bahaya, nawa kake biya? Wa kake gudu in ka hango shi? Maganar ƙwaya muka ce ba a yin ta kai tsaye, sai dai ka ce, "Da mi kake maganin sanyi?" ka yi shiru. Wanda zai faɗa zai faɗa.

A wannan makon na fara fahimtar abin da ya sa ba mu cikin lissafin kowa. Malama ta ce ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, kuma yawancin binciken da ake yi kan talauci da lafiya gida-gida ake bi, a zaɓi ƙofa, a yi sallama, a tambayi mai gida mutum nawa ke ci daga tukunyarsa. Wanda ba shi da ƙofa, ta ina za a yi masa sallama? Ta kuma ce ba ita ta ƙirƙiro wannan salon ba. An yi irinsa a Akra ta Gana, da Harare ta Zimbabuwe, da Bukabu ta Kongo, inda aka horar da matasan da ke kwana a titi, suka yi shekaru suna bibiyar rayuwar 'yan uwansu suna kawo labari. Har ta karanta mana sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, inda aka ce yaro yana da haƙƙin a saurare shi kan duk abin da ya shafe shi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Malama, a kai wa mai gadin kasuwa ya karanta."

Malama da mutanenta sun tsara fita ƙirga yaran da ƙarfe goman safe. Muka ce in an yi haka almajiran tsangaya da 'yan talla za a ƙirga, waɗanda da dare kowa yana da inda zai sa haƙarƙarinsa. Wanda ake nema sai tsakanin ƙarfe ɗaya da kiran assalatu. Sun buga mana riguna masu tambari, muka ce ba mai sa su, sai dai in ana so a ɗauke mu 'yan rahoto. Sai kuma takardar yarda. Dokarsu ta ce yaron da bai kai sha takwas ba sai uba ko mai riƙonsa ya sa hannu, shi kuma ya dangwala yatsa. Wane uban? Kuma a wurinmu dangwala yatsa abu biyu yake nufi, ko zaɓe ko ofishin 'yan sanda. Sai da Malama ta koma wurin manyanta har sau biyu kafin suka yarda yaro ya faɗa da bakinsa gaban shaida, kuma ya san yana iya tashi ya tafi a tsakiyar magana ba wanda zai riƙe shi.

A daren ƙirga na biyu na kai su wani kango da na taɓa kwana a cikinsa, gini ne da aka kai linta aka bari, an rufa kwano a ɗaki ɗaya. Na bar saurayin mai jaka a waje na shiga ni kaɗai, ban kunna fitila ba, na yi gyaran murya na faɗi sunana. Suna kwance a jere, kowa ya manne da ɗan uwansa don ɗumi, ga warin tayar da suka ƙona ta mutu. A can lungu akwai wani yaro da bai wuce shekara goma ba, ya shige cikin buhun siminti har ƙirji, ƙafafunsa ya ɗaure su cikin leda. Tari yake yi irin mai fito da sauti daga ciki. Na tsuguna na ce, "Ƙanena, ina ka kwana jiya?" Ya ce nan. Shekaranjiya fa? Nan. Ya ce daga wajen Jibiya ya zo, ya biyo motar itace. Da na tambaye shi wa yake gudu in ya hango, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, hadari."

Washegari na kai shi wurin mai shayi aka buɗe masa shafi. Da naira ɗari biyu ya fara.

'Yan matan nan biyu kuwa su suka kunyata mu. Mu maza mun dawo muna cewa ai mata ba sa kwana waje, ba mu ga ko ɗaya ba. Babbar cikinsu, wadda ke wanke-wanke wurin wata mai tuwo-tuwo, ta ce dama ba za ku gani ba. Mace ba ta kwanciya a baranda. Tana cikin rumfar uwar ɗakinta bayan an kife tukwane, ko a zauren wani, kuma akwai abin da ake biya da shi wanda ba zan rubuta a nan ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da suka kawo cikin sati biyu, da mu aka bar wa da har yau ba a ji shi ba.

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. A watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace a gari, ƙungiyar kuma ta ce ba ta biya sai ta asusun banki. Mu shida ba mai asusu, ba mai lambar NIN, layin wayar da nake riƙe da shi ma da sunan wani aka yi masa rajista. Sati uku muna aiki ba ko sisi, mun kuma bar jari-bolar da ke ba mu na abinci. Na tsaya gaban Malama na ce mata abokan aiki take kiranmu, amma ɗalibanta ba wanda ya kwana da yunwa. Ta yi shiru, da yamma ta bi layin mai POS ta biya mu daga aljihunta. Ɗaya daga cikinmu bai jira ba, ya koma inda ya fito. Ni kuma abokaina na da suka fara ce mini ɗan gwamnati. In na zauna sai hira ta mutu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Mun zana taswirar wuraren kwana a kan babban kwali, don amfanin kanmu. Bayan ƙaramar salla aka shirya taro a wani zaure don a faɗa wa manya abin da aka gano, da jami'ai, da masu unguwanni, da wakilan 'yan kasuwa. Malama ta tambaye mu ko a nuna kwalin. Yarinyar nan mai wanke-wanke ta ce kada a nuna. Ni na dage. Dalilina shi ne a wani zama da aka yi kafin nan, wani mai babbar riga ya ce babu yaron da ke kwana waje a Katsina, duk almajirai ne, a je a tambayi malamansu. Maganar ta tsaya mini a wuya. Ina so in ga idonsa in na nuna masa. Na ari kaftani, na tsaya gaban mutane da sanda a hannu, ina nuna wuri bayan wuri, har da kangon nan. Aka tafa mini. Na ga wayoyi sun ɗaga ana ɗaukar hoto, sai na ji daɗi, wai ni ake ɗauka.

Ba a yi kwana goma ba wasu mutane suka je kangon da gorori da fitilu cikin dare. Da safe an toshe ƙofar da bulo. Wasu wurare biyu ma aka yi musu haka. Kuma damina ce ke shigowa.

A rumfar mai shayi wani da muka yi shekara biyu muna raba bargo ɗaya ya ci kwalata ya ce, "Nawa suka biya ka?" Ban iya ce masa komai ba. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na yi kwana uku ban je aji ba, kuma ba zan ɓoye ba, a daren na biyu na sayi sholisho na riƙe shi a hannu har asuba. Ban buɗe ba, amma na saya.

Malama ta zo da kanta, ta zauna a bencin da muke zama, ta ce wa yaran laifinta ne, ita ce babba, ita ya kamata ta hana. Ba wanda ya tanka mata. Can wani ya ce in da gaske take ta kawo ledar rufi kafin ruwa ya sauka. Ta kawo. Daga ranar muka kafa sharaɗi: ba sunan wuri, ba hoto, ba taswira, kuma duk abin da zai fita sai an karanta mana shi da Hausa mu biyar mun yarda. Kwalin ni na ƙona shi. Na so a ce tun farko an zaunar da mu an yi mana wannan tunanin, domin su sun san abin da taro yake, ni ban sani ba. Amma wadda ta fi ni hankali ta faɗa a gabana, na take maganarta.

Rahoton ya fito da sunayenmu a ciki, waɗanda suka yarda a sa. Abin da ya canza bai taka kara ya karya ba. Wani kwamitin masallaci ya daina kulle banɗakinsa da dare, an kuma taimaka wa wasunmu muka yi NIN. A watan Mayun 2023 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, na yi murna, amma da na dubi sunan sai na ga irina ba ya ciki sosai: ba shi da malam, ya wuce shekarun firamare, ƙauyensa kuma ba ya komuwa.

Yau ina koyon gyaran waya, muna haya ɗaki ɗaya mu uku. Na je na ga Inna, ta riƙe hannuna ta daɗe tana duban tabon da ƙarfe ya bar mini, ba ta tambaye ni komai ba. Kwanaki wani ɗalibi ya samo lambata, yana so in kai shi wurin yara don aikinsa na kammala karatu. Na ce masa ya zo da takardar tambayoyinsa tukuna, mu zauna da biyu daga cikinsu su duba, ya faɗa mini nawa zai biya su na yinin da za su rasa, ya kuma faɗa mini hannun wa takardar za ta shiga bayan ya gama. Ya ce zai kira ni.

Yaron nan mai buhun siminti ban sake ganinsa ba tun daren da aka toshe kangon. Na duba tasha, na duba wajen masu sayen ƙarfe, na tambayi direbobin hanyar Jibiya. Ajiyarsa ta kai naira dubu ɗaya da ɗari bakwai. Mai shayi ya canza littafi sau biyu tun lokacin, kuma duk sanda ya sayi sabo ni yake ba in kwafe masa sunaye. In na zo kan nasa sai in ɗaga kai, shi kuma ya ce, "Rubuta shi."